Sharhi: Kafin a nemi biza, a fara buɗe akwatin takardu

Tun da sakamakon jarrabawar bak ya fito ban ƙara cin tuwon dare cikin natsuwa ba. Da an idar da sallar Magariba sai in ji sallama a ƙofar gida, ko uba ne da ɗansa a bayansa, ko uwa ce ta aiko yaro da leda cike da takardu, wai a ce wa Malam ya duba. Kowace shekara haka nake fama, don a layinmu na Paris-Congo ni ne malamin makaranta mafi kusa, mutanenmu kuma sun ɗauka duk mai riƙe alli ya san hanyar kowace ƙasa. Yaran unguwa suna da wata zolaya da suke yi wa juna, wai mu da aka haifa a Paris me zai kai mu layin biza. Ana dariya, amma na san gidajen da aka sayar da fili, na san iyaye matan da suka kwashe adashin shekara biyu, kuma har yau yaron yana zaune a bakin titi yana jiran kiran waya.

Bari in ba ku labari ɗaya, na bara, ba tare da na kama suna ba. Wani dattijo mai sayar da yadi a babbar kasuwa ya zo mini da ɗansa, yaron da na koyar a kwaleji. Ya ci bak ɗinsa na kimiyya da maki mai kyau, burinsa karatun haɗa magunguna.

"Malam, an samo masa makaranta a waje," in ji dattijon. "Mun ba da rabin kuɗi, sauran sai biza ta fito. Ka duba mana ko akwai abin da ya rage."

Na ce, "Alhaji, wa kuka ba kuɗin?"

"Wani yaro ne mai kirki. Yana da ofishi, har da kwamfuta. Ai shi ya tura ɗan wane."

"Rasiti fa, Alhaji?"

Sai ya yi shiru ya kalli ɗansa.

Na zazzage ledar a kan tabarma. A takardar haihuwa an rubuta sunan yaron da wani salo, a takardar bak da wani salon dabam, a fasfo kuma sunan kakansa ne ya zauna inda ya kamata a ga na uba. Shekarar haihuwa ma ta saɓa, don ya ɗan girma kafin a sa shi makarantar boko, sai aka rage masa shekara biyu. A wurinmu duk shi ne. A wurin ma'aikacin ofishin jakadanci da bai taɓa ganinsa ba kuwa, mutum uku ne, kuma biyu daga cikinsu maƙaryata. Takardar da aka ce makarantar ta aiko ta karɓarsa hoto ce kawai a WhatsApp. Na nemi sunan makarantar a intanet har wayata ta yi zafi, ban ga komai ba sai shafi guda na Facebook.

Abin da nake son in faɗa a wannan sharhi ke nan. Biza ita ce mataki na ƙarshe a tafiyar karatu, mu kuma mun mayar da ita ta farko. Mun bar abin da ke hannunmu, wato gyara takardu da binciken makaranta da lissafin kuɗi, mun bi abin da ba ya hannun kowa a cikinmu, har muna biyan dillali a kansa.

Kada wani ya ɗauka ina hana yara fita ne. Ni kaina a nan gida na yi karatuna, a makarantar horon malamai, kuma na san abin da ke korar su. Jami'ar N'Djamena tana nan tun 1971, akwai malamai na ƙwarai a Tukra da Farsha da Ardep-Djoumal, akwai Jami'ar Sarki Faisal ga masu Larabci, akwai ta Abeche da ta Mundu. Amma kowa ya san abin da ɗalibai suka laƙaba wa suna shekara mai roba, wadda ake ja tana miƙewa: yajin aiki ya shigo, shekarar karatu ɗaya ta cinye wata goma sha biyar ko fiye, digirin shekara uku ya koma na biyar. A 2016, lokacin matakan tsuke bakin aljihu 16 da gwamnati ta ɗauka bayan faɗuwar farashin mai, aka soke ɗan kuɗin da ake ba ɗaliban jami'a na cikin gida duk wata. Uban da ya ga haka ya ce gara ɗansa ya tafi inda za a fara a gama, bai yi laifi ba.

Tafiya ma ai gadonmu ce. Da yawa daga cikin kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su Fort-Lamy, sunan da garin nan yake amsawa kafin 1973. Sun taso daga Kano da Katsina da Damagaram a ƙasa, suka ratsa Borno, suka haye kogi, wasu suka wuce ta Abeche zuwa Darfur har bakin teku, wasu guzuri ya ƙare musu a nan suka zauna suna fatauci da ɗinki da fawa da koyar da allo. Sai dai su ba su taɓa tashi da ka ba. Suna bin madugu, sun san zangon da za su sauka, sun san gidan wa za su kwana a Abeche tun ba su bar Kukawa ba. Mu jikokinsu ne muke tura yaro ɗan shekara goma sha tara ƙasar da ba mu iya nuna ta a taswira ba, da lambar wayar mutum ɗaya a aljihunsa.

To, mu fara da suna. Mu Hausawan Chadi muna da wata matsala da ta fi ta maƙwabtanmu. Sunanmu yana bi ta bakin mutum uku kafin ya sauka a takarda: uba ya faɗa da Hausa, ma'aikaci ya ji da kunnen Larabcin Chadi, ya rubuta da haruffan Faransanci. Abubakar ya koma Abakar a nan, Aboubakar a can. Muhammadu ya zama Mahamat a wannan takarda, Mahamadou a waccan. Usman yana da rubutu har kala uku. Ga kuma tsohuwar al'adar nan ta rashin ranar haihuwa, a rubuta wai an haife shi wajen shekara kaza. Binciken MICS na 2019 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin huɗu ne kawai, a cikin 'yan ƙasa da shekara biyar, aka yi wa rajistar haihuwa a ƙasar nan. Wanda aka bari wa'adi ya wuce, sai an je kotu an nemo hukuncin da zai maye gurbin takardar, da shaidu, da jira.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, kuma duk Bahaushen garin nan ya san shi. Ranar da na je neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa a wani ofishi, mutumin da ke bayan tebur ya dubi sunana ya ce in kawo hujjar cewa ba daga Nijeriya na shigo ba. Kakana a garin nan aka binne shi. Raina ya ɓaci, amma abin da ya fitar da ni ba ɓacin rai ba ne, takardar haihuwar mahaifina ce da Allah Ya sa ya adana a cikin gafakar Alƙur'aninsa. Wanda yake cikin tsiraru, takardarsa ita ce shaidarsa, don ba kullum zai tarar da ɗan'uwansa a bayan tebur ba.

Tun 2020 hukumar ANATS ce ke ba da fasfo da katin ɗan ƙasa, kuma kowa yana samun lamba guda da aka ɗaure da zanen yatsunsa da hotonsa. Ma'anar wannan ita ce kuskuren da ya shiga na'ura ya zauna, sai da wahala ake fitar da shi. Saboda haka ranar da yaro ya shiga aji na ƙarshe a lise, kai tun kafin nan ma, a shimfiɗa takardar haihuwa da ta BEF da katin ɗan ƙasa a jere, a bi su harafi bayan harafi. In an ga saɓani a gyara kafin a rubuta sunansa a jerin masu zana bak, don abin da aka buga a takardar bak shi zai bi shi har tsufa. Bayan an ci, a kai takardar da ta maki hukumar ONECS, wadda ke shirya jarrabawar, ta tabbatar da ingancinsu. A yi allurar shawara a karɓi katinta mai ruwan ɗorawa. A ɗauki hoton kowace takarda a aika wa kai ta imel. Waɗanda ambaliyar 2022 da ta 2024 ta shiga ɗakunansu sun san yadda leda ke cin amana.

Sai maganar makaranta. Ba duk ginin da aka rubuta wa jami'a a goshi ba ne jami'a. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya wallafa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai shiga aji ko sau ɗaya ba. A ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance digirorin da aka samo daga Benin da Togo. Akwai jami'o'i na gaskiya a waɗannan ƙasashe, irin su Abomey-Calavi da ta Lome, amma ɗaliban da suka yi karatu tsakani da Allah su ma ƙurar ta shafe su. Haka ɓangaren arewa na tsibirin Kubrus, wanda Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa. Dillalai suna tallarsa da sunan Turai mai araha, alhali takardar zama a can ba ta shigar da kowa Tarayyar Turai. A watan Agustan 2020 shugabar hukumar 'yan Nijeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta fito fili ta gargaɗi iyaye a kan tura yara can. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayar da uba zai yi mai sauƙi ce: in ɗana ya dawo da wannan takarda, za a karɓe ta a nan? Ƙasarmu tana cikin CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Tana da jerin digirorin da ta amince da su, ana iya dubawa. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasar da makarantar take ita ma tana da jerin makarantun da ta ba izini. In karatun likita ne ko haɗa magunguna, abin ya fi tsanani, don sai ƙungiyar masu sana'ar ta yarda da takardar kafin mutum ya taɓa majiyyaci. Binciken nan bai wuce aikin yamma ɗaya da kuɗin intanet na sefa dubu ba. Wanda ya ƙi yinsa zai iya biyan shekara huɗu a kan takardar da ko kanti ba za a ɗauke shi aiki da ita ba.

Yanzu kuɗi, inda muka fi yaudarar kanmu. Mu ɗauki Faransa, tun da ita ce a bakin kowa. A 2025 dokarsu ta ce ɗalibi ya nuna yana da aƙalla yuro 615 duk wata. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka, ke nan sama da sefa 403,000 a wata, kusan miliyan 4 da dubu 840 a shekara. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 60,000 ne. Tun 2019 kuma suka ƙara kuɗin rajista ga ɗaliban da ba na Turai ba: a lokacin yuro 2,770 a shekara ga digiri na farko, wato sama da sefa miliyan 1 da dubu 800, da yuro 3,770 ga digiri na biyu. Wasu jami'o'in suna yafe wani ɓangare, amma sai an tambaya an gani a rubuce. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na ajiyar ɗaki ba, ba a sa rigar sanyi ba.

Sai ka ji an ce ai in ya isa zai yi aiki. Gaskiya ne an yarda ɗalibi ya yi aiki, amma sa'a 964 a shekara, ba fiye ba, kuma aikin ba ya jiran kowa a filin jirgi. Yaron da ya kwana yana wanke kwanuka bai cika cin jarrabawa ba, wanda ya yi ta faɗuwa kuma ana iya ƙin sabunta masa takardar zama. A nan ne wasunmu ke yin dabarar da nake roƙon a bari: a ari kuɗin ɗan kasuwa a zuba a asusu, a buga takardar banki, kashegari a kwashe. Na ɗaya dai ƙarya ce, kuma mun san hukuncinta. Na biyu, masu duba takardun nan sun fi mu sanin dabarar, sun san asusun da ya kwana da yunwa ya tashi da ƙiba. Na uku, ko ta wuce, wa aka cuta? Yaron ne zai tarar da watan Janairu a ɗaki mai sanyi, babu kuɗin haya, yana jin kunyar kiran gida don ya san an sayar da fili. Duk uban da ya zo wurina, tambayar da nake masa ita ce wa zai biya shekara ta biyu. In aka yi shiru, na san tafiyar ba ta nuna ba.

Game da dillali kuwa, ku riƙe wannan: babu mahaluƙin da ke da biza a aljihunsa. Hanyar Faransa ta bi ta Campus France ne, a cibiyar al'adun Faransa da ke nan N'Djamena. Ɗalibi da kansa yake buɗe dosiyensa a intanet, ya biya kuɗin da aka ƙayyade a ba shi rasiti, ya je a yi masa tambayoyi baki da baki a kan abin da zai karanta da dalilinsa. Yaron da wani ya rubuta wa wasiƙa, a minti biyu ake gane shi. Kuma akan buɗe karɓar dosiye ne wajen watan Oktoba don karatun shekara mai zuwa, ke nan wanda ya jira sakamakon bak kafin ya fara motsi ya riga ya makara da shekara guda. In an samu bizar ma aiki bai ƙare ba, sai an tabbatar da ita a intanet cikin wata uku da sauka. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya ana nemansa a shafinsu, yawanci a Janairu da Fabrairu, kuma kyauta ne. Guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke ba Chadi ta hannun gwamnati suke biyowa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sa sunan yaro a irin waɗannan, ko dai ɓarawo ne ko mai sayar da haƙƙin wani.

Wanda yake ganin akwai mai lamunce masa biza, ya tuna watan Yunin 2025. A ranar 4 ga wata shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a dokar hana 'yan ƙasashe 12 shiga ƙasarsa, har da Chadi, ta fara aiki ranar 9. Kashegarin sa hannun Shugaba Mahamat Idriss Deby ya mayar da martani da dakatar da ba Amurkawa biza. An taɓa yi mana haka a Satumban 2017, aka cire mu a Afrilun 2018. Ƙofar da shugabannin ƙasa ke rufewa da alƙalami ɗaya, yaya mai ofishi a bayan kasuwa zai yi alkawarin buɗe ta?

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke raina na kusa. Maƙwabtanmu 'yan kudu da muke zaune tare a unguwar nan sun daɗe da gane hanyar Kamaru. Tun 2017 ƙasashe shida na CEMAC suka soke biza a tsakaninsu. Daga gadar Ngeli ana hango Kuseri. Mota tana bi ta Mundu da Tuboro ta sauke yaro a Ngaundere, inda jami'a take a Dang, ga kuma ta Marwa da aka buɗe a 2008. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnatin Kamaru sefa 50,000 ne a shekara, da kuɗinmu iri ɗaya, babu canji. A garuruwan nan biyu yaro zai ji kiran salla, zai yi ciniki da Hausa, in ya yi rashin lafiya uwarsa za ta iya hawa mota ta je. Mai son Turancin Ingilishi ga Maiduguri da Kano da Zariya, inda da yawanmu ke da dangi, sai dai a binciki halin hanya kafin a tashi. Mai son ilimin addini da Larabci ga jami'ar Musulunci ta Sayi a Nijar, ga Azhar, ga Madina. Shiga ƙasa ba tare da biza ba dai ba ya nufin zaman shekaru ba takarda. A tambayi jami'ar da ƙungiyar ɗaliban Chadi da ke can abin da ake bukata.

Kusa ma akwai nata darasin. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗalibanmu da ke can, har da na Jami'ar Afirka ta Duniya, suka fito da abin da ke jikinsu. Na san wanda ya yi shekara uku yana karatu ya dawo ba shi da takardar maki ko ɗaya, don yana jira sai ya gama ya karɓa gaba ɗaya. Dole ya koma aji ɗaya a wata jami'ar. Kowane ɗalibi, a duk inda yake, ya karɓi takardar makinsa duk ƙarshen shekara, ya aiko da hotonta gida, ya kai sunansa ofishin jakadancin Chadi da ke ƙasar tun makon farko. Ranar gudu da wannan jerin ake neman mutane.

'Ya'ya mata kuma fa? A ajina su ne ke gaba sau da yawa, amma in maganar fita ta zo sai a ce mace ba ta nisa. Damuwar iyaye gaskiya ce, ban raina ta ba. Maganinta shiri ne: a san ɗakin kwanan da za ta zauna, a san matar da za ta zame mata uwa a garin, a tura su biyu ko uku tare, uba ko wa ya raka ta ya ga wurin da idonsa. Matanmu suna kukan rashin likita mace a asibiti. In ba mu bar waɗannan yaran sun yi karatu ba, daga ina za ta fito?

Na san abin da wasu za su ce: Malam, ɗan wane ta hannun dillali ya tafi, ga shi yana turo kuɗi. Haka ne, akwai waɗanda suka dace. Amma labarin wanda ya dace shi ake bazawa a wurin biki, wanda ya faɗi kuwa gidansu rufe bakinsu suke don kunya. Ni da ake kawo wa leda da dare nake ganin ɗaya ɓangaren. Wasu kuma za su ce rabo ne, abin da Allah Ya rubuta ba ya wucewa. Babu shakka. Amma mai shuka ma yana gyara gona kafin ya jira ruwa.

Ga shawarata ga jama'armu, kuma ba ta bukatar izinin kowa. A Paris-Congo da sauran unguwannin da muke, akwai waɗanda suka yi karatu a Ngaundere, da Alƙahira, da Rabat, da Istanbul, suka dawo. A ba su tebur ɗaya a makarantar Islamiyya duk Asabar bayan La'asar, daga Oktoba zuwa Fabrairu, su duba takardun yara kyauta, su nuna musu shafukan gaskiya, su faɗa wa iyaye ainihin kuɗin haya da na abinci a garin da suka zauna. Ni zan fara zama, in Allah Ya yarda. Limamanmu kuma, ranar suna, bayan an raɗa wa jariri suna an yi addu'a, su ƙara kalma ɗaya ga uba: je ka yi masa rajista a makon nan, ka rubuta sunan a takarda da hannunka ko na wanda ya iya, kada ka bari a rubuta da ka. Wahalar wannan ba ta kai ta neman ragon suna ba. Attajiranmu da ke ɗaukar nauyin walima, su haɗa asusu ko na yaro biyu ne a shekara, a zaɓa da maki a bainar jama'a. Hukumomi kuwa muna roƙonsu su riƙa sanar da guraben tallafin waje da wuri, a rediyo, da Faransanci da Larabci, tare da sharuɗɗa da sunayen waɗanda aka zaɓa, don ɗan mai sayar da yadi ya ji a lokacin da ɗan babban ma'aikaci ya ji.

Shi kuwa yaron da na fara da labarinsa, wayar dillalin ta daina shiga bayan mako uku, ofishin ma aka tarar wani tela ya kama shi haya. Kuɗin sun tafi. Ya yi wata bakwai yana zirga-zirga a kan kilando tsakanin kotu da ofisoshi kafin takardunsa su koma suna ɗaya da shekara ɗaya. Yanzu yana Dang yana karatun ilimin halittu, yana ɗaki ɗaya da wani ɗan maƙwabtanmu. Ba abin da ya so da farko ba ne, amma ya ci shekararsa ta farko, kuma yana da niyyar neman digiri na biyu a waje da kansa, da takardu masu tsabta. Kwanan baya mahaifinsa ya tsayar da ni a kasuwa ya ce, "Malam, ƙanensa yana aji uku a kwaleji. In kawo ledar tasa yanzu, ko ya yi wuri?"

Na ce, "Alhaji, kawo ta yau da dare."

Ku ma ku buɗe naku akwatin a daren nan. Allah Ya yi wa yaranmu jagora, Ya tsare su a inda suke, Ya dawo mana da su da ilimi mai amfani.